Ramin da Ya Haifi Soro

Akwai wata kalma a cikin harshenmu wadda na daɗe ina jujjuya ta a zuciya tun ina yaro ɗan makarantar allo, kuma har yau da furfura ta game mini kai ban gama mamakin waɗanda suka fara furta ta ba, ita ce kalmar gina. Idan mutum ya ta da bango huɗu ya yi musu rufi, sai mu ce ya gina ɗaki. Idan kuma ya sunkuya da diga yana huda ƙasa har ya tarar da ruwa, sai mu ce ya gina rijiya, alhali kuwa aikin farko sama ya nufa, na biyu ƙasa, kuma a zahiri babu abubuwa biyu da suka kai su saɓani. Balarabe ya raba su, ya ba kowanne sunansa, wannan bina'i wancan hafaru, mu ma kuwa muna da haƙa muna da tono, amma duk da haka magabatanmu suka bar lafazi ɗaya yana ɗauke da ma'anonin nan biyu, har suka sa shi a karin magana suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai gaggawa zai ce talaucin lugga ne ya kawo haka. Ni dai abin da na gani da idona a unguwarmu ya hana ni yarda da wannan hukunci, kuma shi nake so in shimfiɗa wa mai karatu a nan, domin ƙaunar da nake yi wa gine-ginen biranenmu daga wannan kalma ta samo tushe.

Gidan kakana yana cikin birnin Kano, a wani lungu da ba shi da nisa da Kasuwar Kurmi, kuma al'adar gidan ce duk shekara, idan damina ta ɗauke, aka gama kaka, iskar hunturu ta fara busawa, a kira magini ya duba abin da ruwa ya ci. Magininmu wani dattijo ne siriri mai kaushin hannu, wanda babba da yaro a unguwar suke ce masa Baba. Kafin ya zo, sai masu jakuna su yi kwana biyu ko uku suna sauke mangalolin jar ƙasa a ƙofar gida, a zuba mata ruwa, a watsa ramno, samari su naɗe wanduna su shiga suna tattakawa har ta yi danƙo, sa'an nan a bar ta ta kwana ta tsima, a sake jiƙawa a sake takawa, domin ƙasar da ba ta sha ƙafa ba ba ta riƙe bango. Daga nan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Ranar aiki Baba yakan hau kan bangon ya zauna kamar mai hawan doki, yaransa suna jefa masa tubali daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba tare da ya duba ba, yana dasa kowanne a kan gindinsa, yana bin tsakaninsu da curin ƙasa, yana ja da baya kaɗan kaɗan har layi ya kai ƙarshe.

Wata rana da ya sauko shan fura, na yi ƙarfin hali na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, don me ake cewa kuna gina soro, kuma a ce masu jakuna suna gina rami? Ai ba abu ɗaya ba ne." Ya dube ni, ya ajiye ludayi, ya ce, "Ɗan nan, tashi ka bi jakunan can ka ga inda suke fitowa, in ka dawo ka ba ni labari." Na bi su lungu lungu har bakin wani kududdufi da muke wasa a gefensa da damina, na tarar ruwansa ya janye, mutane suna ciki suna sarar ƙasa suna cika mangala. Da na komo na faɗa masa, sai ya ce, "To, ka gani. Duk soron da ka ga ya miƙe a garin nan, akwai raminsa a wani wuri, gwargwadon tsayin wannan gwargwadon zurfin wancan. Mu ba mu zo da kome ba, aro muke yi, mai abu kuwa ko ba jima ko ba daɗe zai karɓi abinsa." Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan furarsa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Sai da na girma na zauna gaban malamai, na ji yadda suke rarrabe haƙiƙa da majazi, sa'an nan na gane cewa maganar Baba babu majazi a cikinta ko kaɗan, domin a garin da ake gini da ƙasa, haƙawa da ɗagawa aiki ɗaya ne mai fuska biyu, kuma harshen da ya kira su da suna ɗaya gaskiyar abin da ido yake gani ya faɗa. Kududdufan da ke warwatse a cikin birni su ne mahaifar unguwanninsa, kuma bayan sun haihu ba su zauna banza ba, gama ruwan da ya zubo daga indararo ya bi lungu yana gangara, wurinsu yake komawa ya kwanta, ya bar gidaje lafiya. Ita kanta kalmar ƙasa haka take da faɗi: ita ce turɓayar da muke takawa, ita ce kishiyar sama, ita ce kuma wurin da aka binne cibiyar mutum, wanda yake bugun ƙirji da shi a baƙon wuri. Saboda haka duk sa'ad da na ji shugabanni suna kira a zo a gina ƙasa, sai samarin nan masu naɗaɗɗun wanduna su faɗo mini a rai, in tuna cewa aiki ne mai bukatar ƙafafu da yawa, da haƙurin jiran abu ya tsima.

Haka kuma kalmar birni. Yau duk garin da ya tara jama'a da motoci birni ake ce masa, amma a asali abin da yake mai da gari birni shi ne garun da ya kewaye shi, shi ya sa har gobe mutumin Kano yake rarrabe cikin birni da waje, ko da kuwa wajen ya ninka cikin girma sau da yawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Ita ma ganuwar tana da raminta, domin ƙasar da aka tara ta da ita daga gindinta aka haƙo, ramin ya zama kariya ta biyu wadda maharin da ya zo a kan doki sai ya fara ƙetare ta. An kuma yalwata da'irarta har ta haɗiye Dala da Goron Dutse da gonaki, don kada yunwa ta ci mutanen gari idan abokan gaba suka yi musu zobe. Ƙofofinta kuwa, Nassarawa da Ƙofar Mata da Wambai da Mazugal, Ƙofar Ruwa da Dawanau da Waika da Kansakali, Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya da Na'isa da Ɗan Agundi, idan tsoho yana jera su sai ka ji kamar yana jan carbi. Bindigogin Turawa sun ƙare aikinta na yaƙi a 1903, amma ba su taɓa ma'anarta ba, gama har yanzu idan muna yabon mutumin da ya tsaya wa jama'arsa, cewa muke yi ya zama musu ganuwa.

Amma a cikin dukkan kalmomin gini babu wadda na fi ƙauna kamar zaure, wanda mu Kanawa muka fi kira soro. Ɗaki ne da yake tsaye a kan haddin da ke tsakanin haƙƙin baƙo da hurumin iyali, yana ba kowanne nasa ba tare da ya tauye ɗayan ba. Wanda ya lura zai ga magini ba ya daidaita ƙofar waje da ta ciki, sai ya karkatar da ɗaya gefe, domin mai wucewa ko mai sallama kada idonsa ya zarce tsakar gida. A gidan mai hali kuwa sai an ratsa soro biyu ko uku da shigifa, kowanne yana tace masu shiga gwargwadon kusancinsu, kafin a kai ga turaka da ɗakunan mata. Abin da malamai suka karantar a babin neman izini da sutura, cewa kada a faɗa wa mutane gida sai an yi sallama an amsa, shi ne magini ya rubuta da tubali, ta yadda ko wanda bai taɓa buɗe littafi ba ginin da kansa zai koya masa ladabi. A soron kakana aka koya mini babbaƙu da farfaru, a nan maɗinkin hula yake yini da allurarsa, a nan aka ɗaura auren gwaggwannina, aka raɗa sunayenmu, aka sasanta maƙwabta, a nan kuma baƙon da dare ya yi masa yakan shimfiɗa tabarma, a fito masa da tuwo, ba a tambaye shi daga ina yake ba sai gari ya waye.

Daga zaure in aka shiga ciki, sai a tarar kalmomin gini sun rikiɗe sun zama kalmomin zumunta, har mutum ya kasa nuna inda bango ya ƙare jini ya fara. Gida shi ne ginin, shi ne kuma zuriyar da ke cikinsa, shi ya sa muke gaisuwa mu ce yaya gida, muke kuma cewa wane ɗan babban gida ne ko da gidan nasu ɗaki biyu ne. Ɗaki kuwa aure ne, domin idan aka ce yarinya ta tafi ɗakinta kowa ya san abin da ake nufi. Uwa ne, domin 'yan ɗaki ɗaya su ne waɗanda suka sha nono ɗaya. Inuwa ne, domin wanda ya ɗauki nauyinka a sana'a uban ɗakinka ne. Da Bahaushe ya tashi ambaton wuri mafi alfarma a bayan ƙasa, wannan ƙaramar kalma ya ɗauko, ya ce Ɗakin Allah.

Inda gwanintar magini take bayyana shi ne rufi, kuma a nan ne harshe ya fi nuna zalaƙarsa. Ƙasarmu ba ta da dogayen katakai, abin da Allah ya hore mata shi ne giginya, wadda ake tsaga jikinta a fitar da azara, itace mai tauri wanda gara ba ta cika iya masa ba. Sai dai azara gajeriya ce, in aka shimfiɗa ta ta yi nisa aka ɗora mata ƙasa sai ta lanƙwashe. Wannan ƙunci shi ya haifi hikima. Magini yakan dasa azara a cikin bango ta ɗan leƙo, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, ya lulluɓe su da ƙasa ya jira su bushe, ya yi haka daga wannan bango da wancan, hawa bayan hawa, har hannuwan biyu su gamu a sama su riƙe juna. Da ya ɗaga kai ya ga abin da ya yi, sai ya tuna da sararin samaniya bayan ruwa ya ɗauke, ya ce wannan bakan gizo ne. Da ya gicciya baka biyu suka haɗu a tsakiya, sai ya tuna da yadda ake ɗaure abin jan ruwa a bakin rijiya, ya ce wannan ɗaurin guga ne. Mai karatu ya yi tadabburi a kan isɗilahin nan biyu, ɗaya an ɗauko shi daga ƙololuwar sama, ɗaya daga bakin rami, ga su sun haɗu a rufin ɗaki guda kamar yadda suka haɗu a kalmar gina.

Wanda yake son ya ga iyakar abin da ƙasa da azara za su iya, sai ya tafi birnin Zariya ya shiga tsohon masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu, da ake kuma kira Muhammadu Durugu, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. A shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini, har mai wucewa a waje ba zai san abin da ke ciki ba, amma ranar da na fara tuɓe takalmi na shiga, na baro ƙura da zafin azahar a baya, sai na ji sanyi ya sauko mini kamar na shiga inuwar tsamiya, idona kuma ya ɗan jima kafin ya saba da duhun wurin. Sa'an nan ginshiƙai suka fara bayyana, kaurara, an yi musu zane mai zurfi, daga kawunansu bakuna suna tashi suna rarrabuwa suna gamuwa, suna ɗauke da tulluwa bayan tulluwa, babu rodi babu kankare. Na ɗora tafin hannuna a jikin ɗaya daga cikinsu, na ji gurbin zanen ya yi daidai da yatsuna, sai na san cewa hannu irin nawa ne ya shafa wurin nan yana ɗanye. Laƙabin maginin ma abin lura ne, domin a tsangaya gwani shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani ya ƙware har babu inda zai shige masa duhu, kuma da aka ba mai tubali wannan suna, har unguwa guda take amsa shi, shaida aka yi cewa shi ma ilmi ne da ake riƙewa a ƙirji, ɗa ya karɓa daga uba.

Zariya ba ita kaɗai ba ce. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau. Ga ta Agadas mai tsayin mita 27, itatuwa suna leƙowa daga jikinta don masu yaɓe su sami matakala. Ga masallacin Yama a yankin Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962, ya yi ta ƙara masa ado har aka ba shi kyautar Aga Khan a 1986. Duk wanda yake jin kunyar ginin ƙasa kuwa ya tuna cewa masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka fara gina shi a Madina, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyensa.

Idan gini ya tsaya sai a yi masa sutura, kuma a nan ma sunayen suna nuna cewa Bahaushe kallon mutum yake yi wa gida, domin ya ba shi fuska da baki da ciki da baya, ya kira ginin da ya zagaye rufinsa rawani, ya kira ƙahonnin da ke kusurwoyinsa zankwaye, wato sunan tukkun da ake bar wa yaro a ka. Abin da ake shafa masa don ruwa ya zame kuwa daga sana'o'in maƙwabta yake fitowa: makuba daga ɓawon ɗorawa, katsi daga gindin karofin marina irin na Ƙofar Mata, wanda in aka haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara sai ya zama laso, ta yadda abin da marini da majemi suka zubar shi magini yake tsinta ya rufa wa gida asiri. Sa'an nan a zo kan zane, a yi dagi da takobi da allo a saman ƙofa. Da zamani ya juya kuwa, maginan Zariya suka riƙa zana keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, abin da ya nuna cewa sana'ar tana da ido, tana kallon duniya tana karɓar abin da ya yi mata.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda wanda ba ya yafewa, shi ne a riƙa waiwayarsa. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani kuma dole a mayar masa da abin da aka ci, a yi yaɓe, a gyara bakin indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan aiki kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya: maza su yi gayyar yaɓe, mata su taru da madaɓai su yi daɓe suna waƙa, a dafa abinci a ci tare, ta haka gyaran bango yake zama gyaran zumunci. Shi ya sa idan ka ga gidan ƙasa ya zube, kafin ka zargi ruwa ka tambayi inda mutanensa suka tafi, domin galibi sai zukata sun rabu sa'an nan rufi yake ruftawa. Harshe ma ya tanadi sunayen wannan mutuwa daki-daki, gidan da aka bari kango ne, garin da aka tashi kufai ne, kuma bayan 'yan shekaru sai ka ga dawa ta tsiro a inda aka yi turaka, ko wani ya zo ya jiƙa tsohon bangon ya cura sabon tubali da shi, aro ya koma hannun mai shi, shi kuma ya sake bayarwa.

Ba zan zalunci zamani in ce mutanenmu sun bar ƙasa sun kama siminti don wauta ba. Wanda ya taɓa kwana a zaune cikin marka yana sauraron rufi, yana fargabar kada ya faɗo wa 'ya'yansa, ba a ganin laifinsa in ya sami hali ya sayi kwano. Giginya ta yi ƙaranci, gayya ta yi wuya, jama'a ta yawaita, bene mai hawa goma kuwa ya wuce aikin tubali. Babban masallacin Kano da aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajen 1951, da kayan zamani aka yi shi, kuma duk wanda ya hango koriyar tulluwarsa da hasumiyoyinsa biyu daga kan Dala ya san ya ƙara wa birni kwarjini. Aron kalma ma ba aibi ba ne, domin taga da hasumiya da al'amudi daga Larabci muka karɓe su, suka zauna a bakinmu har suka zama 'yan gida, bulo da rodi da falo ma suna kan wannan hanya. Abin da yake damuna shi ne mun sallami tsohon gini ba mu tsaya mun tambaye shi amanar da yake riƙe mana ba.

Mun cire zaure muka sa ƙyauren ƙarfe, sai baƙo ya rasa matsayi tsakanin titi da falo, ko dai a bar shi a rana yana ƙwanƙwasawa, ko a ratsa da shi har tsakiyar iyali. Mun daina haƙar ƙasa a unguwa, sai muka ga kududdufi ba shi da amfani, muka cike shi muka yanka filaye, ruwa kuwa da ya zo bai tarar da masaukinsa ba, sai ya shiga ɗakunan mutane. Ganuwa ma an cinye ta a wurare da yawa, har yaro yana faɗin sunan ƙofa bai san garun da aka huda ba. Ni ma ina da hannu a cikin wannan, domin bayan rasuwar kakana da iyayenmu, da aka zo rabon gado, da yardarmu duka aka sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya rushe soron ya yi shaguna. Na je na tsaya ranar da ake rushewa, na ga an zaro azarorin ɗaurin guga suna nan garau, har gurbin igiya yana jikinsu, na roƙi ma'aikatan suka ba ni guntu ɗaya na tafi da shi gida. Da jikana ya gan shi jingine a ɗakina ya ce, "Kaka, wannan icen na mene ne?" Na ce masa azara ce. Ya maimaita kalmar a hankali kamar mai koyon baƙon harshe, a nan ne na ji rashin ya kai mini har zuci, domin na ga kalma tana mutuwa a cikin gidana.

Roƙona ga maginan zamani, da ɗaliban da ke koyon zanen gine-gine a Zariya da Kano da sauran wurare, bai wuce su zauna gaban sauran tsofaffin maginan da suka rage su karɓi kalmomin nan daga bakinsu tare da aikinsu ba, su kuma tambayi kowace kalma bukatar da ta haife ta. Ana iya yin zaure da bulo, a karkatar da ƙofarsa kamar yadda aka saba. Ana iya kaurara bango a ɗaga rufi don ɗaki ya yi sanyi ko babu lantarki. Ana iya bar wa ruwa masauki a kowace unguwa kafin a yanka fili na farko.

Baba bai ga ranar da aka rushe soron da ya yi shekaru yana yaɓewa ba, ya riga mu gidan gaskiya tun ina saurayi, kuma ina cikin waɗanda suka raka shi. Yaransa na sana'a su suka gina kabarin, babban rami da ƙarami a cikinsa, bangonsa a miƙe sumul kamar yadda ya koya musu. Da aka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, sai na ga an jera itatuwa a bakin ƙaramin ramin daidai yadda ake jera azara a kan ɗaki, aka shimfiɗa ganye a kansu, aka kwaɓa ƙasa da ruwa, babban yaronsa ya durƙusa yana curawa yana toshe kowace kafa da hannunsa, hawaye suna zuba a kan curin, sa'an nan aka mayar da ƙasar da aka haƙo, ta yi ɗan tudu a bisa raminta. Liman ya yi addu'a muka shafa. A kan hanyarmu ta komowa muka bi ta gefen kududdufin nan, masu jakuna suna ciki suna cika mangala, za su kai wa wani mai sabon gini. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa shi a inuwar da ba ta yoyo.